A Ba Yaro Littafi Ya Tafi Hutu Da Shi

Daren Lahadin da za a wayi gari a koma makaranta, na leƙa gidan yayata bayan sallar isha'i. An ɗauke wuta. Na tarar da 'yarta, wadda za ta shiga aji biyu na babbar sakandare, zaune kan tabarma a tsakar gida, ta jingina waya da kofin silba tana haska littafin rubutu. Ga wani littafin na ƙawarta a buɗe a gefe. Kwafa take yi layi-layi, hannunta har rawa yake don sauri.

Na ce, "Ke kuwa me ake ta rubutawa haka a duhu?"

Ta ce, "Kawu, aikin hutu ne. Gobe tun a bakin ƙofa za a karɓa, wanda bai kawo ba ya sha bulala."

Na karɓi takardar na haska. Shafi huɗu ce, darussa tara, kowanne da tambaya goma ko sha biyar. A kawo ma'anar kaza, a lissafo ire-iren kaza guda biyar, a zana kaza a sa wa sassansa suna. An raba ta ranar da aka ba da hutu a ƙarshen Yuli, ta yi ta kwana a ƙasan jaka, sai ranar Juma'ar nan aka tuna da ita. Na bi ta daga sama har ƙasa, babu layi ɗaya da ya ce yarinyar nan ta buɗe wani littafi ta karanta.

Sai na tambaye ta ko ta karance littafi ɗaya daga bango zuwa bango cikin hutun. Ta ce a'a, amma ta saurari wani dogon labari a YouTube tana wanke-wanke. Na ce ta ba ni labarin. Nan take ta ajiye biro, ta shafe kusan rabin awa tana zubo shi, har da kwaikwayon muryar kishiyar uwa, har da inda take ganin marubuciyar ta zalunci wata yarinya a ƙarshe. Wadda ɗazu take kwafar kuskuren ƙawarta ba tare da ta lura ba, ga ta tana yi wa labari hukunci da hujja.

Abin ya tsaya mini a rai har na isa gida. Ra'ayina a kai shi ne: a jingine takardar tambayoyin nan. Idan za a ba da dogon hutu, kowane ɗalibin sakandare ya tafi gida da littafin labari ɗaya tak, wanda shi ya zaɓa daga cikin biyar ko shida da makaranta ta ware, na Hausa ko na Turanci. Ranar dawowa kuma ya zo da wani abu da ya haɗa da hannunsa ko da bakinsa, wanda zai nuna cewa ya shiga littafin ya fito.

A Amurka wannan tsohuwar al'ada ce. Hutunsu na bazara yakan kai wata biyu da ɗoriya, makarantu da yawa kuma suna sallamar ɗalibai da jerin littattafan da za su karanta, domin malamai sun daɗe da lura cewa yaron da ya yi wata biyu bai buɗe littafi ba yana dawowa da tsatsa. Wasu makarantun kuɗi a nan sun ɗauko sunan abin, sai dai sun mayar da shi lesin hutu da ƙarin kuɗi. Ba na kira a kwaikwayi Amurka. Su kusan kowane gari yana da laburare, kuma nasu hutun lokacin zafi ne. Namu yana faɗowa ne tsakiyar damina, dole mu ɗinka rigar daidai jikinmu.

"Ai hutu hutu ne"

Wannan ita ce magana ta farko da iyaye suke yi, kuma akwai gaskiya a cikinta. Yaron ƙauye ba hutu yake zuwa yi gida ba. Watan Agusta lokacin maimai ne da zuba taki, da sassafe yana gona da fartanya, sai azahar zai dawo jiki duk ciwo. Na birni yana shagon babansa ko wajen koyon ɗinki ko gyaran waya. Yarinya kuwa aikin gida kacokan kanta yake dawowa, ga raino, ga Islamiyya safe da yamma, ga hadda.

Duk na yarda. Amma mu yi lissafi. Hutun mako shida kwana 42 ne. Littafi mai shafi 120, idan aka raba shi, bai cika shafi uku a rana ba. Wannan bai kai lokacin da ake ɗauka ana jiran ruwa ya tsagaita a rumfa ba. Littafin labari yana shiga aljihun riga, ana karanta shi a gindin bishiya lokacin da aka zauna shan fura, ana karanta shi a shago idan ciniki ya lafa. Takardar tambaya ɗari ita ce mai bukatar tebur da wuta da littattafan darasi tara, shi ya sa ake barinta sai daren ƙarshe.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, yaran nan suna da lokacin waya. Wanda ba shi da tasa yana da ta uwarsa ko ta yayansa. Abin da muke nema shi ne ɗan yanki daga wannan lokacin.

"Ina kuɗin littafin?"

Nan ne maganar ta fi nauyi, don uban da yake fafutukar kwanon masara ba za ka tare shi da jerin littattafai ba. Idan makaranta ta ce kowa ya sayi nasa, to ta kashe shirin tun kafin ya tashi, kuma 'ya'yan masu hali ne kawai za su amfana.

Amma mu da muka taso a Kano mun san yadda littafi ɗaya yake zagaye unguwa. Lokacin da adabin kasuwar Kano, wato littattafan labaran Hausa da ake sayarwa a kasuwa, ya bunƙasa, daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa gaba, masu sayen littafi kaɗan ne a kan masu karanta shi. Akwai masu ba da haya a kasuwa da cikin unguwanni, ka ba da 'yan kuɗi kaɗan ka kwana biyu da littafi ka mayar. A gidanmu na sha ganin littafi ya shigo ta hannun wata, ya fita ta katanga zuwa maƙwabta, ya dawo bayan wata guda bango ya yage an ɗinke shi da zare da allura. Babu hukumar da ta tsara wannan. Son labari ne ya tsara shi.

Makarantar jeka-ka-dawo za ta iya bin wannan hanyar. Aji mai ɗalibai sittin, a sayi littafi goma sha biyu, a haɗa yara biyar-biyar 'yan unguwa ɗaya, kowa ya yi mako guda da shi ya miƙa wa na gaba. Kuɗin da ake kashewa wajen buga takardar tambayoyi shafi huɗu ga kowane yaro, da littafin rubutun da iyaye suke saya don amsa ta, ya kama hanyar sayen waɗannan. Ƙungiyar iyaye da malamai da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai za su iya cike giɓin. Littattafan kuma na makaranta ne, baɗi wani ajin zai gaje su.

Makarantar kwana ta fi wuya, domin ɗalibanta suna warwatsuwa garuruwa. Su sai dai a buɗe musu ɗakin karatun makaranta su ara. Na san tsoron da ake ji, kada littafi ya tafi bai dawo ba. Na taɓa shiga wata makaranta na ga kabad cike da littattafai a kulle, ƙura ta rufe su, gara ta fara cin na ƙasa, an ce ana tsoron ɓata. Gara littafi ya ɓata a hannun yaron da ya karanta shi da ya ƙare a cikin gara.

"Littafin Hausa kuma?"

Wani malami abokina da na kawo masa wannan magana, nan ya tsaya. Ya ce yaran da Turanci yake kayar da su a WAEC da NECO, maimakon a tura su ga Turanci sai a ce su karanta Hausa?

Amsata ita ce, ciwon da yake damun yaranmu ya girmi rashin Turanci. Da yawansu ba su taɓa zama da dogon rubutu sun bi shi har ƙarshe ba, a kowane harshe. Riƙe zaren labari daga babi na ɗaya zuwa na goma, tuna abin da wani ya faɗa a shafi na 20 lokacin da asirinsa ya tonu a shafi na 90, gane cewa mai magana ƙarya yake yi ko da marubuci bai faɗa ba, duk wannan horo ne na ƙwaƙwalwa. Wanda ya samu horon da Hausa zai tsallaka da shi zuwa Turanci. Wanda aka damƙa wa littafin Turancin da a kowane layi sai ya ci tuntuɓe da kalma uku, zai rufe shi a shafi na biyar, ya ƙara gaskata cewa karatu azaba ne.

Hukumar JAMB ta shafe shekaru tana sanya littafin labari ɗaya da duk mai zana jarrabawar zai karanta, ana fitar da wasu tambayoyin Turanci daga cikinsa. Ku je bakin cibiyoyin rajista ku ga abin da yara suke nema: ɗan ƙaramin littafin taƙaitawa mai tambaya da amsa. Ba laifinsu ba ne. Yaron da ya shekara shida a sakandare ba a taɓa sa shi ya gama littafi ba, ta yaya zai fara a wata biyun ƙarshe? Da a ce kowane dogon hutu yana gama guda, da ya isa gaban JAMB da littafi biyar a bayansa. A fara masa da Hausa a ƙaramar sakandare, a riƙa cuɗanya masa da Turanci mai sauƙi, kafin ya kai babbar sakandare ya saba.

Kuma karanta labarin Hausa a makaranta ba baƙon abu ba ne da za a ce yau aka ƙirƙiro. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai saboda waɗanda suka koyi boko ba su da abin karantawa. Abubakar Imam yana matashin malami a makarantar Midil ta Katsina ya shiga gasar da Ruwan Bagaja. Bayan 'yan shekaru aka ɗauko shi zuwa Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, kuma don 'yan makaranta aka yi shi. Iyayenmu da kakanninmu da shi suka gyara karatunsu. Mutanen wancan lokaci sun gane cewa koya wa yaro haɗa baƙi bai isa ba, sai an ba shi abin da zai ja shi ya ci gaba da karantawa. Mu ne muka saki wannan.

Saura batun tarbiyya. Na san da an ce littafin Hausa, zuciyar wasu iyaye littattafan soyayya take tafiya, kuma ba mu manta ba a 2007 har ƙona tarinsu aka yi a bainar jama'a a Kano. To amma dalilin da ya sa na ce makaranta ce za ta ware biyar ko shida ke nan, malamai su karanta su tukuna. A cikin abin da marubutanmu suka rubuta akwai na tarihi, akwai na jarumta, akwai masu magana kan auren dole da shaye-shaye da almajirci da zaman gidan yawa. Yarinyar da muka hana littafin da muka tace, tana can tana karanta wanda ba mu tace ba a WhatsApp, shafi-shafi, cikin dare.

Wane irin aiki za su kawo?

A nan ina da saɓani har da masu goyon bayana. Na ga yadda wasu makarantun kuɗi suke yi: a ce yaro ya kawo aikin fasaha a kan littafi, sai uwa ta tafi kasuwa sayen kwali da gam da ƙyalƙyali, wani lokacin ma a kai wa mai zane a biya shi. Ranar komawa a jera kwalaye a bango a ɗauki hoto a sa a Facebook. Ka tambayi yaron sunan jarumin littafin ya tsaya yana kallonka. Wannan da takardar 'yar yayata duk kanwar ja ce.

Ma'aunina ɗaya ne: aikin da yaro zai iya yi ba tare da ya karanta littafin ba, a soke shi. Kuma kada ya ci kuɗin da ya wuce na biro da takarda.

Wanda na fi so shi ne kotu. Yaran da suka karanta littafi ɗaya su gurfanar da wani daga cikin mutanen labarin a gaban aji. A samu alƙali, da mai gabatar da ƙara, da mai kare wanda ake tuhuma, da shaidu. Sharaɗin shi ne duk wanda zai yi magana sai ya faɗi shafin da ya samo hujjarsa. A ce uban da ya aurar da 'yarsa ba da sonta ba ne a gaban shari'a. Mai kare shi dole ya koma ya tono inda aka nuna bashin da ya yi masa katutu, mai ƙara kuma ya nemo inda yarinyar ta roƙe shi ya ƙi saurara. Kafin a tashi, an buɗe littafin nan sau hamsin, kuma yaron bayan aji da ba ya ɗaga hannu a darasin nahawu za ka gan shi tsaye yana cewa, "Malam, wallahi ba haka aka rubuta ba, a duba shafi na 47."

Akwai wasu hanyoyin. Mai son zane ya zana taswirar tafiyar jarumi, gari bayan gari, ya rubuta abin da ya same shi a kowane zango. Wanda ya karanta na Turanci ya mayar da shafi ɗaya zuwa Hausar da kakarsa za ta gane, zai sha mamakin yadda fassara take tona asirin wanda bai fahimta ba. Mai waƙa ya tsara baitoci goma da bakin ɗaya daga cikin mutanen labarin. Waɗanda suke unguwa ɗaya su haɗa wasan kwaikwayo na minti goma, ko su naɗi babi ɗaya da muryoyinsu a waya kamar shirin rediyo. Wadda ƙarshen labari bai yi mata daɗi ba, irin 'yar yayata, ta rubuta nata ƙarshen a shafi biyu. A 2016 BBC Hausa ta fara gudanar da gasar Hikayata ta gajerun labarai ta mata, kuma duk wadda ta kai can, daga irin wannan shafi biyun ta faro.

"Za su kwafo daga waya"

Za su gwada, babu shakka. Yanzu ma akwai manhajojin da za ka ba su sunan littafi su rubuto maka taƙaitawa cikin daƙiƙa. Amma wannan ya fi zama hujja a kan takardar tambayoyi, domin "kawo ma'anar kaza" ita ce abin da waya ta fi iya amsawa.

Maganin kuma yana nan a gidanmu tun kafin zuwan boko. A makarantar allo, ba a wanke allo sai ɗalibi ya zo gaban malam ya biya. A Islamiyya babu mai kawo hadda a rubuce, zama ake yi a buɗe baki. Malamin sakandare ya ari wannan. Minti biyu da kowane yaro sun isa: wa ya fi ba ka haushi a littafin? A ina ka ji kamar ka ajiye shi? Da kai ne wane, me za ka yi a daren nan? Wanda ya karanta, idonsa ma zai nuna. Wanda bai karanta ba, tambaya ta biyu ba zai wuce ba. Shi ma kada a dake shi. A ba shi littafin a ƙara masa mako biyu, domin so muke ya karanta, bulala kuwa ba ta taɓa sa wani ya so littafi ba.

Malamin fa?

Malamin da yake da aji huɗu, kowanne da yara sittin ko tamanin, ga albashin da ba ya kai shi ƙarshen wata, yana da hakkin ya ce kada a ƙara masa kaya. Sai dai ina roƙonsa ya dubi tulin littattafan aikin hutu da ake jibgewa a ofishin malamai duk watan Satumba. Wa yake karanta su? Jan biro ake ja a shafin ƙarshe a rubuta an gani, yaran kuma sun san haka. Sauraron rukuni goma sha biyu cikin makon farko, wanda dama rabinsa yakan tafi a shara da jiran waɗanda ba su dawo ba, ya fi wannan sauƙi kuma ya fi shi amfani.

Abu ɗaya ne ba zan sassauta a kai ba: malamin ya karanta littattafan shi ma. Yara suna gane malamin da yake tambaya daga taƙaitawa. Kuma kada a bar wa malamin Hausa da na Turanci kaɗai. Ranar da malamin lissafi ya tsaya a aji ya ce shi ma ya karanta, kuma bai yarda da hukuncin da kotunsu ta yanke ba, ranar yara za su ɗauki abin da gaske.

Ban jira makarantar 'yar yayata ba. Da aka ba da hutun ƙarshen zangon farko a Disamba, na kai mata wani tsohon littafin labari daga cikin nawa, na ce sharaɗi ɗaya ne, kullum bayan magariba ta karanta wa kakarta babi guda da ƙarfi, ta rubuta duk abin da tsohuwar ta ce. Mahaifiyarmu ba ta yi boko ba, idonta ma ya yi rauni. Daren farko yarinyar tana karantawa tana in'ina, tana cin tuntuɓe da ƙ da ɗ kamar ba harshenta ba. Zuwa dare na huɗu muryarta ta zauna, ƙannenta biyu da yaran maƙwabta sun matso bakin tabarma.

Da na koma bayan kwana goma ta miƙo mini shafi shida. A ciki akwai karin magana bakwai da tsohuwar ta jefo, da wata kalma ta kayan saƙa da babu wanda ya san ma'anarta a gidan sai ita, da wurin da ta katse karatun ta ce marubucin bai san yadda ake kai lefe a da ba, ta kwashe rabin dare tana bayyana yadda aka kai nata. A ƙasan shafi na shida yarinyar ta rubuta, "Kawu, Hajiya ta ce a kawo na biyun."